Allurar Tsohon Mahaƙi

A gabashin jihar Kentaki ta Amurka, cikin duwatsun da ake haƙar kwal, akwai wani ƙaramin asibiti da likita ke leƙowa sau ɗaya a mako. Sauran kwanakin wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya ce ke riƙe da shi. Ita ke duba marar lafiya, ta tura shi gwaji, ta rubuta masa magani, tun daga jariri har mai dogara sanda. A can nas kan samu wannan dama idan ta yi digiri na biyu a fannin lafiyar iyali. Tsarin ya faro a 1965 a Jami'ar Kolorado, inda nas Loretta Ford da likitan yara Henry Silver suka soma horar da ma'aikatan jinya saboda ƙarancin likitoci a karkara. A 1970 makarantar Frontier da ke garin Hyden a lokacin, cikin waɗannan duwatsun, ta buɗe nata sashen na lafiyar iyali.

Wata shekara aka turo wa dattijuwar wata ɗaliba. Ba sabuwar hannu ba ce, don ta daɗe tana aiki a wani babban asibitin birni, a sashen waɗanda ke rai kwakwai mutu kwakwai. Ta gama darussan cututtuka da magunguna da dabarun duba jiki da sakamako mai kyau. Abin da ya rage mata shi ne awannin aiki ƙarƙashin kulawar ƙwararre, waɗanda ba sa gaza 500, kafin ta zauna jarrabawar samun shaidar ƙwarewa. A ranta tana ganin awannin nan cika ƙa'ida ne kawai.

Ran nan wani tsohon mahaƙi mai ciwon suga ya zo. Ɗalibar ta buɗe fayil ɗinsa. Gwajin jinin da ke nuna matsakaicin suga na wata uku ya ba da 10, alhali ga yawancin manya ƙasa da 7 ake so. Ta auna shi, ta duba tafin ƙafafunsa, ta tambaye shi ko yana yin allurar insulin ɗinsa. Ya ce yana yi. Ta fito ta sami malamarta da lissafinta a rubuce.

"Malama, ƙarin allura yake bukata. Ga adadin da ya kamata."

Dattijuwar ta duba takardar, ta ce lissafin ba kuskure. Sannan ta ce, "'Yar nan, kwalbarsa kwana nawa take yi masa?"

Ɗalibar ta yi shiru. A sashen da ta fito ba a yin wannan tambaya, domin ita ke zuƙo maganin da hannunta, ita ke yi wa mutum, ta rubuta lokaci. Can marar lafiya yana kwance gabanta dare da rana. Nan kuwa minti 20 za ta gan shi, ya hau tsohuwar motarsa ya koma bayan dutse, sai bayan wata uku.

Ta koma ɗakin, ta ja kujera ta zauna. "Baba, kwalba ɗaya tana kai ka ƙarshen wata?"

Tsohon ya ɗau lokaci yana murza hularsa a kan gwiwa. Can ya ce tana kaiwa, idan sun yi tattali.

"Ku wa da wa, Baba?"

Ashe matarsa ma ciwon ya kama ta. Shi ya haura 65, yana da inshorar gwamnati ta tsofaffi, wato Medicare. Ita shekarunta ba su kai ba, kuma tun da shagon da take aiki ya rufe ba ta da wata inshora. Sai suka riƙa raba kwalbar, rabi nasa rabi nata, ba tare da an taɓa auna ta ba. Ya ɓoye ne don tsoron kada a ce ya karya doka a yanke masa maganin.

Jikin ɗalibar ya yi sanyi. Da ta ƙara adadin, ƙarin zai tafi ne ga matar da ba wanda ya san yanayin jininta. Ranar kuma da tsohon ya yi wa kansa cikakken sabon adadin, suga na iya faɗuwa ya sume a gidan da motar asibiti ke daɗewa kafin ta isa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba kowa yake nuna wa ba.

Dattijuwar ba ta yi mata faɗa ba. Cewa ta yi, "Takardar da kike nema ta lafiyar iyali ce. Kira matar ta zo gobe."

Washegari matar ta zo a ɗarare. Aka yi mata gwaji, aka buɗe mata fayil nata, ma'aikaciyar walwala ta asibitin ta cika mata takardun neman tallafin magani. Ɗalibar ce ta zauna da su biyun ta nuna musu alamomin faɗuwar suga, irin su gumi da makyarkyata da jiri, da abin da za su sha nan take.

Bayan wata uku suka dawo tare. Gwajin tsohon ya sauko ƙasa da 8, ba a ƙara masa ko ɗigo ɗaya ba.