Wa Zai Jira Na Baya?

Ya kai mai karatu, a ce ku goma sha biyu ne za ku shiga kurmi, ku bi bakin rafi har inda ruwa yake faɗowa daga kan dutse. Da saurin wa za ku yi tafiyar? Da na saurayin da ke gaba, ko da na dattijuwar da ke jan ƙafa a baya? Kada ka yi hanzarin amsawa. Tambayar tana da sauƙi a baki, amma a kan hanya takan ɓata tsakanin aminai.

Bari mu ɗauki wata hanya da aka sani. A gabashin ƙasar Gana, cikin yankin Volta, dab da iyakar Togo, akwai ƙauyen Wli, kimanin kilomita 20 daga garin Hohoe. A can ne mafaɗar ruwa mafi tsawo a ƙasar take, inda ruwan rafin Agumatsa, wanda ya taso daga tuddan Togo, yake zubowa daga tsayin wajen mita 80. Daga ƙauyen zuwa gindin ruwan tafiyar kamar minti 45 ce, hanyar kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa mai wuya. Sai dai rafin yana ta karkacewa, dole a ƙetare shi wajen sau tara a kan ƙananan gadoji. Akwai inuwar manyan itatuwa, malam-buɗe-littafi iri iri suna shawagi, a ƙarshen hanya kuma ga dubban jemagu maƙale a jikin bangon dutse.

Ka lura da abin da yakan faru da kowane ayari a irin wannan hanya. A gada ta farko kowa yana tare, ana raha, ana ɗaukar hoto. Kafin a kai ta biyar, ayari ya miƙe kamar igiya. Daga nan sai rugugin ruwan ya fara shiga kunne tun ido bai gan shi ba. Wannan ƙarar ita ce take tsinka igiyar. Masu ƙarfi su ƙara sauri, wasu har da gudu, ba wanda ya waiwaya. A baya an bar mai goyo, da mai ciwon gwiwa, da yaron da silifas ɗinsa ya tsinke.

Mai sauri yana da hujja, kuma ya kamata mu saurare shi. Zai ce maka, "Na biya kuɗin mota, na biya na shiga, na baro aikina. Ba ni na sa mata ciwon gwiwa ba. A wannan yanki rana takan faɗi wajen ƙarfe shida kusan duk shekara, a cikin kurmi ma duhu yakan riga haka. In na tsaya jiran kowa, yaushe zan more abin da ya kawo ni?" Babu ƙarya cikin maganarsa. Ƙarfin jiki ba laifi ba ne, marmarin ganin abu mai kyau ma ba laifi ba ne. Har ma zai iya kafa maka hujja da karin magana, ya ce na gaba ya yi gaba, na baya sai labari.

To, amma ka tambaye shi abu guda. Me aka ce a tasha kafin a shiga mota? An ce, "Mu tafi tare." Dattijuwar nan saboda wannan kalma ta baro gidanta. Da an gaya mata kowa tasa ta fisshe shi, da ta yi zamanta. Ashe tun a tasha mai sauri ya ci bashi, ko da yake ba a rubuta a takarda ba. A ganina nan ne gindin maganar. Wanda ya zo shi kaɗai, ƙafarsa tasa ce, ya yi gudu in ya ga dama. Wanda ya ce "tare" kuwa ya riga ya ba da rabin saurinsa jingina. Fataken da suka riƙa zuwa Salaga da Kintampo neman goro, waɗanda zangon da suka yada ya zama unguwannin Zango na Gana a yau, sun san haka. Suna da jagaba mai duba hanya, amma madugu ake kira uban tafiya, domin shi za a tambaya in mutum ɗaya ya ɓace.

Yanzu ga inda nake so ka ɗan dakata. Akwai wani irin jira da ya fi rashin jira ciwo. Masu sauri su kai gada, su zauna, su sha ruwa, su huta sarai. Na baya ta iso tana haki, zufa na zuba. Tana sa ƙafa a kan gadar sai su miƙe su ce, "Yauwa, Mama ta iso, mu tafi." Wa ya huta? Su. Ita da ta fi kowa bukatar hutu ba ta sami ko minti ɗaya ba. A gada ta gaba haka, a ta gaba ma haka. Su kuwa a ransu sun cika alkawari, har suna jin sun yi haƙuri. Ita abin da take gani a kowace gada shi ne fuskoki goma sha ɗaya suna kallonta, kowace tana gaya mata ita ce ta ɓata wa mutane lokaci. Shi ya sa za ka ji irin waɗannan bayin Allah suna cewa, "Ku je kawai, ni zan jira ku a nan." Ka ɗauka gajiya ce ta yi magana? Sau da yawa kunya ce.

Maganin wannan ba boyayye ba ne. A sa na baya a gaba, kowa ya bi takunta. Ko kuwa mai ƙarfi ɗaya ya koma ya jera da ita, yana hira, ba tare da ya nuna taimako yake yi ba. In an tsaya hutu, a ƙirga shi daga lokacin da na ƙarshe ya iso. Ba zan ruɗe ka in ce wannan ba ya cin kome ba. Yana ci. Wataƙila ka sami minti ashirin a gindin ruwan maimakon awa guda, wataƙila ka iske wasu sun cika wurin. Mutane sukan ce sannu ba ta hana zuwa, amma sukan manta da ƙarshen maganar, sai dai a daɗe ba a je ba.

Kada kuma ke 'yar'uwa, ko kai ɗan'uwa mai rauni, ka ce ba ka da naka nauyin. A Wli akwai mafaɗa ta sama, hanyarta hawan dutse ne na sa'o'i, mai santsi in an yi ruwa, sai da ɗan jagora. Wanda ya san ƙirjinsa ko gwiwarsa ba za su iya ba, amma girman kai ya hana shi faɗa, ya cuci 'yan'uwansa, gama a tsakiyar hawa su ne za su ɗauko shi. Faɗin "ba zan iya wannan ba" tun a ƙasa, shi ma cika alkawarin tafiya tare ne. Haka nan wanda ya mai da rauninsa igiyar ɗaure kowa, yana fushi in wani ya hau inda shi ba zai kai ba, bai yi adalci ba. In an samo mai zama da shi a inuwa, ya sallami sauran da farin ciki.

Wani lokaci ma dukan ayarin ne zai juya ba tare da ya ga kome ba. Hadiri a kurmi ba abin wasa ba ne. A watan Maris na 2017, guguwa ta tumɓuke wani babban itace ya faɗa kan masu wanka a mafaɗar ruwa ta Kintampo, mutane da dama suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar sakandare. Saboda haka in sama ta yi baƙi, shugaban tafiya ya ce a koma alhali kuna jin rugugin ruwan, kada ka kira shi matsoraci. Amma ta yaya zai ce a koma in rabin mutanensa sun yi nisan da murya ba ta kaiwa? Ba ya iya ƙirga su, balle ya juyo da su.

Na san yawancinmu ba za mu taɓa taka Wli ba. Duk da haka ka duba gidanka. Akwai yaron da ƙannensa suka wuce shi a karatu. Akwai mahaifin da yake maimaita labari ɗaya sau uku, ana miƙewa tun bai kai aya ba. Akwai matar da ta bar makaranta domin mijinta ya ci gaba, yau kuwa yana jin nauyin fita da ita cikin abokan aikinsa. Dukansu an taɓa ce musu "tare". In ka ce kana jiransu, ka tambayi kanka ko sukan sami zama su sha ruwa bayan sun iso, ko kuwa da ganinsu kake miƙewa.