Tsayuwa da Hankali a Cutar Parkinson

Lokacin da likitan nan na birnin Landan, James Parkinson, ya bayyana cutar karkarwar jiki a shekarar 1817, ya ɗauka cewa gaɓoɓi kawai take ci, hankalin mai ita kuwa yana nan garau. Binciken da ya biyo baya ya gyara wannan fahimta, domin an gano cewa mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da dofamin, wato sinadarin da ke isar da saƙon motsi, takan zo tare da nauyin tunani da raunin tattara hankali, kuma da yawa daga waɗanda suka daɗe da cutar sukan kai ga ciwon mantuwa. Tafiya ma, wadda mai lafiya yake yi ba tare da ya kula ba, takan koma aikin da sai an zuba masa lura, har idan aka jefa wa majinyacin tambaya yana tsakar takawa, ƙafafunsa kan ƙage ko ya yi tangaɗi.

Wannan ya taɓo tsohuwar tambaya game da iyakar da ke tsakanin jiki da hankali. Malaman fiƙihu sun raba hukuncin mara lafiya gida biyu: gazawar jiki tana jawo rangwame, mutum ya yi salla a zaune ko a kwance, gushewar hankali kuwa tana sauke taklifi, wato nauyin umarni da hani, ɗungurungum. Rabon yana da tushe mai ƙarfi, sai dai mai wannan cuta yakan shafe shekaru a tsakani, yana rikita adadin raka'o'i saboda lurarsa ta tafi wajen gudun faɗuwa, alhali niyyarsa da saninsa ga Wanda yake bauta wa ba su girgiza ba. A irin wannan hali zama ba sauƙi ne ga ƙafa kaɗai ba, yana mayar wa zuciya natsuwar da tsayuwa ta cinye.

Kuskuren da ya fi ciwo yakan fito ne daga masu jinya, domin cutar tana daskarar da fuska, tana rage murya, tana jinkirta amsa, sai dangi su zaci hankalin majinyacin ya gushe, su riƙa yanke shawarar dukiyarsa da maganinsa a gabansa ba tare da sun tuntuɓe shi ba, alhali da sun zaunar da shi sun jira, da sun ji amsarsa cikakkiya.