Lambar Manazarci: Riya ko Amana?

Daga Jikwoyi zuwa Karu, masu suna Muhammad Sani ba sa ƙirguwa. Idan ɗayansu ya rubuta kundin digirin digirgir, wa za a tuhuma in an kama ƙarya a ciki? Don haka aka soma ORCID a 2012, lamba mai gurbi 16 da ke bin manazarci duk inda ya koma. Wasu na cewa riya ce, wai ilimi don Allah ba ya bukatar tambari. To ai malaman hadisi, duk da tsoronsu ga riya, ba sa karɓar ruwayar wanda ba a sani ba. Khaɗib al-Baghdadi, da ya rasu a 1071, littafi sukutum ya rubuta don rarrabe maruwaita masu suna ɗaya. Sai dai su har adalcin mutum suke bincika, ORCID kuwa kowa na iya yin rajista kyauta.