Ko Yardar Ma'aikaci Tana Wanke Maigida?

A kasuwar wayoyi ta Tip Toe Lane da ke Circle, da shagunan ɗinki da na kayan masarufi a Nima da Maamobi, akwai wata yarjejeniya da ake ƙullawa ba tare da takarda ba. Maigida yakan ce wa yaron shagonsa, "Ko in ba ka kuɗinka duka a hannu, ko in kai wani abu SSNIT. Zaɓi." Yaro yana da haya a wuyansa, ga uwa a gida tana jira. Sai ya zaɓi na hannu. Tun da ya yarda da bakinsa, shin maigida yana da laifi?

Dokar fansho ta Gana ta 2008, wadda ta fara aiki a 2010, ta ce a cire kashi 5.5 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, maigida kuma ya ƙara kashi 13 daga aljihunsa. In albashi sidi 1,000 ne, ma'aikaci zai ba da 55, maigida 130. Daga cikin 185 ɗin nan, 135 na SSNIT ne, 50 kuwa na asusu na biyu da ake juya wa ma'aikaci. Ashe in yaro ya zaɓi na hannu, ribarsa 55 ce, amma abin da ya bar wa maigida 130 ne.

Maigida yana da hujjarsa, bai kamata a rena ta ba. Hayar shago a Circle ba wasa ba ce, ga kuɗin wuta, ga haraji, ciniki kuma yau da daɗi gobe babu. Yakan ce in aka matsa masa sai ya sallami yaro ɗaya, kuma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Wannan gaskiya ne, amma ba ya sa 130 ɗin ya zama nasa. Kuɗin nan ba kyauta ba ne. Wani sashe ne na ladan aikin da aka riga aka yi, an dai ajiye shi har ranar da ƙarfi zai ƙare.

Yardar yaro kuwa, wa ta ɗaure? Wanda zai ji zafin abin shi ne tsohon da yaron nan zai zama. Sai mutum ya biya na wata 180, wato shekara 15, kafin ya sami fansho cikakke in ya kai shekara 60. Kowane watan da aka tsallake an rage shi ne daga lissafin tsohon, shi kuwa ba a tambaye shi ba. Har ila yau, yardar da yunwa ta fitar ba cikakkiyar yarda ba ce. Maigida ya san lissafin, yaro bai sani ba. Haka yake ga wanda ya rubuta albashi kaɗan a takarda ya kira sauran alawus, domin da albashin da aka rubuta ake lissafa fansho.

Shari'ar Musa ta umarta a biya matalaucin ɗan ƙwadago kafin rana ta faɗi, domin ba shi da halin jira, ba shi da ƙarfin ƙwatar hakkinsa. Ma'aikacin da ba zai gane an cuce shi ba sai bayan shekara 30 ya fi wancan rashin ƙarfi.

Saboda haka wanda ba zai iya biyan 1,130 ba, kada ya ce ya ɗauki ma'aikacin 1,000. Ya zauna da yaronsa, ya buɗe masa lissafi duka, su daidaita a kan albashin gaskiya, sa'an nan ya kai rabon tsufansa inda ya kamata kowane wata.