Mai Kawo Bindiga Da Mai Harbi: Jinin A Wuyan Wa Yake?



Bayan sallar Isha'i wani direba da ke ɗauko mana kaya daga Arewa ya tare ni da tambaya. Ya ce, "Malam, in an ba ni buhu, an biya ni ninki uku, an ce kar in buɗe, ina ruwana da abin da ke ciki? Ni dako nake yi." Tambayar ta hana ni barci, domin ni ma ɗan kasuwa ne, na san zaƙin riba.

A watan Yunin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar hana yaɗuwar ƙananan makamai, bayan ta daɗe a Majalisa ana kai-kawo. Kafin nan tsohuwar dokar bindigogi ta 1959 aka fi dogara da ita. Ba a jima ba Kwastan suka nuna bindigogi 844 da suka kama cikin kwantena a tashar jiragen ruwa ta Onne. Mu a Abuja ba labari aka ba mu ba: an tare jirgin ƙasan Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, an fasa gidan yarin Kuje a Yulin shekarar, an yi ta ɗaukar mutane a yankin Bwari. Bindigogin nan ba a daji suke tsirowa ba. Wani ne ya saya, wani ya ɗauko, wani ya kau da kai a shinge.

To, mai ɗauko ɗin yana da laifi? Yana da shi. Malaman fiƙihu sun hana sayar da makami a lokacin fitina, kamar yadda suka hana sayar da inabi ga wanda ka san giya zai yi. Ciniki halal ne, amma sanin inda kayan za su shi ke sauya hukunci. Wanda kuma ya ƙi tambaya don kar ya sani, ai ya riga ya sani. Wa ke biyan ninki uku a kan buhun masara?

Wani zai ce talakan ƙauye fa, da ya sayi bindiga don kare iyalinsa? Wallahi ina tausaya masa. Sai dai dillalin da ya sayar masa yau, shi zai sayar wa maharinsa gobe. Kowa ya faɗi, shi riba yake ci.

Ita ma hukuma akwai nata. In dokar ta tsaya kan direba da ɗan dako, mai kwantena yana barci a gidansa, an yi zalunci da sunan gyara. Sai da ɗan gari akan ci gari.

Na ce wa direban: buɗe buhun, ko ka bar shi a tasha. Kuɗin zai ƙare, tambayar Lahira tana nan.

Allah Ya tsare mana neman halaliyarmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.