Gadon Majinyaci Ba Wurin Farauta Ba Ne

Ina magana da ku daga Moshi Zango, a birnin Kumasi na ƙasar Gana. Karatunmu na yau yana cikin Luka sura 17, daga aya 11 zuwa 19, labarin kutare goma. In Littafi Mai Tsarki yana kusa da kai, ka karanta tukuna, sa'an nan ka dawo mu yi nazari tare, gama akwai wata gardama da ta taso a ikkilisiyarmu wadda nake so in kawo gabanku.

Muna da wata 'yar'uwa, nas ce a ɗaya daga cikin asibitocin birnin nan. Haifaffiyar Zango ce, Hausa a bakinta kamar ruwa. Wata rana aka kwantar da wani dattijo Musulmi a ɗakin da take aiki, hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki. Mutumin ya tsufa cikin fataucin goro. Turanci ba ya ji, harshen Tiwi kuwa na ciniki kaɗai ya iya. Kwana uku ya ƙi cin abinci, ya juya fuskarsa bango. Ana ba shi magani a kan lokaci, ana auna jininsa safe da yamma, amma kullum ƙara ramewa yake yi.

Da aikin dare ya faɗo kanta, sai ta ja kujera ta zauna kusa da shi, ta ce, "Baba, sannu da jiki. Ban da ciwon nan, me yake damunka?" Ya daɗe bai amsa ba. Can ya ce, "'Yata, kwana uku ke nan ban yi salla ba. Jikina ba tsarki, ban san ina ne gabas a ɗakin nan ba, ga shi yara mata sa'o'in jikokina ne suke tuɓe ni."

Ga abin da ta yi. Ta shirya ɗansa ya riƙa yi masa wanka bayan an ja labule. Ta kawo buta da kwano, ta nuna masa gabas. Ta ce wa iyalinsa su kira malaminsu, shi kuwa ya zo ya tuna masa cewa addininsu ya yarda marar lafiya ya yi salla a kwance. Ta ce su kawo masa koko da safe, tuwon zafi da dare, amma a rage gishiri ƙwarai. Kashegari dattijo ya ci abinci.

Sa'ad da ta ba da wannan labari a taron addu'a, wani dattijon ikkilisiya ya same ni bayan an tashi, ransa a ɓace. Ya ce, "Fasto, Allah ya kawo mata rai har kan gado, ta sake shi ya tafi. Ba ta yi masa bishara ba, har ma ita ce mai kawo masa buta!" Kada ka yi saurin hukunta wannan dattijo. Mutum ne mai kishin Ubangiji, ya kuwa sha wuya saboda bangaskiyarsa a unguwar da masu bi ba su da yawa. Tambayarsa tana da nauyi: in mun gaskata Yesu Kiristi ne Mai Ceto, ashe yin shiru a gaban mai ciwo ba rashin ƙauna ba ne? Na yi dare da yawa ina juya wannan magana.

Ga inda na tsaya. In na je kasuwar Kejetia na yi wa'azi, wanda bai so ji ba sai ya ɗauki kayansa ya wuce. Yana da ƙafa, yana da 'yanci. Mutumin da ke kwance da ƙarin ruwa a hannu ba shi da wannan. Wadda take masa magana ita ce mai allura, ita ce za ta zo ko ta ƙi zuwa in ya yi kira da tsakar dare. In ta ce, "Baba, bari in yi maka addu'a cikin sunan Yesu," da wane baki zai ce a'a? Zai ce to. Amma wannan "to" ɗin tsoro ne ya haife shi, Allah kuwa ba ya karɓar tsoron allura a maimakon bangaskiya. Wanda ya jira sai mutum ya faɗi kafin ya kama shi, maharbi ne, ba makiyayi ba.

Yanzu ka koma ga kutaren nan goma. Ubangiji ya warkar da su duka. Bai gindaya musu sharaɗi ba, bai ce sai sun yi alkawarin binsa ba. Ɗaya ne tak ya komo ya yi godiya, shi ma Basamariye ne, wanda Yahudawa suke gani ɗan wata hanya dabam. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, Yesu bai janye warkarwar daga sauran taran ba. Sun tafi gidajensu da lafiyayyar fata, ko sun gode ko ba su gode ba. In Maigidanmu bai mai da warkarwa ƙugiya ba, mu bayinsa wa ya ba mu izini?

Masana jinya ma sun iso wannan wuri ta tasu hanya. Tun 1948 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa lafiya ta wuce rashin cuta, ta haɗa jiki da hankali da zaman mutum cikin jama'a. Wata mata a Ingila, Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin nas kafin ta zama likita, ta buɗe gidan jinyar masu ciwon ajali a Landan a 1967. Ta koyar cewa zafin da majinyaci yake ji dunƙule ne: akwai na jiki, akwai na zuciya, akwai damuwar iyali, akwai na ruhu, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa wuta. Kirista ce ta gaske, amma gidan nata yana karɓar mai kowane addini da marar addini. Dattijon nan mai goro, abin da ya hana shi cin abinci ba ya cikin jininsa. Kunya ce da nauyin sallar da ta wuce shi. Nas ɗin da ta ga wannan ta yi aikinta ne cikakke.

Ban ce ta ɓoye ko ita wace ce ba. Ranar da za a sallame shi, ya tambaye ta ko 'yar gidan wane malami ce. Ta ce, "Baba, ni Kirista ce, abin da Ubangijina ya koya mini ke nan." Ya yi shiru, sa'an nan ya sa mata albarka. Ya koma gida Musulmi kamar yadda ya zo. Shi ya tambaya, ita ta amsa, a ranar da ƙafarsa take bakin ƙofa.

Amma bari in juya yatsa ga kaina, gama mu fastoci muna da namu laifi ta ɗaya gefen. Asibiti yakan ga jiki ya manta ruhu, mu kuma mukan ga ruhu mu manta akwai ƙwaƙwalwa. Shekarun baya aka kawo mini wata yarinya da ta haihu ba da daɗewa ba. Ta daina barci, tana jin muryoyi, tana tsoron jaririnta. Ban yi wata-wata ba na ce aikin aljanu ne, na sa mata azumin kwana bakwai. Mai jego, mai shayarwa! A kwana na huɗu ba ta iya gane mijinta ba. Wannan 'yar'uwa nas ce ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba Fasto, ka ci gaba da addu'a, amma ka bar mu mu kai ta asibiti yau." Aka kai ta, aka ba ta magani, cikin 'yan makonni ta karɓi ɗanta ta rungume. Har yau in na ga yaron nan yana guje-guje a harabar majami'a, sai kunya ta kama ni.

Da na karanta 1 Sarakuna sura 19 da idon basira, da ban yi haka ba. Annabi Iliya ya gudu daga Yezebel, ya zauna a jeji ya roƙi mutuwa. Allah bai sa shi azumi ba, bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa har sau biyu. Maganar ta zo daga baya, a dutsen Horeb.

Wannan ba kuskurena ni kaɗai ba ne. A 2012 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan masu taɓin hankali da aka ɗaure da sarƙa a sansanonin addu'a a ƙasar nan, waɗansu a gindin itace, ana tilasta musu azumi. Da sunan Yesu aka yi wannan. A shekarar ce Gana ta yi sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, a 2017 hukuma ta haramta ɗaurin sarƙa, a 2023 kuma majalisa ta soke dokar da take hukunta wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Tsofaffin manyan asibitocin taɓin hankali guda uku, na Akara da Pantang da Ankaful, duk suna can kudu, shi ya sa mutanenmu da yawa suke zato babu wurin zuwa sai gidan malam ko na fasto. Amma a nan Kumasi akwai sashen masu wannan ciwo a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda muke kira Gee, akwai kuma a asibitin Tafo, nan kusa da mu.

Ba kuwa lalle ne mutum ya zaɓi tsakanin addu'a da magani ba. An yi wani bincike a Kumasi da Ibadan, ƙarƙashin Farfesa Oye Gureje, aka buga shi a mujallar Lancet a 2020. An haɗa masu maganin gargajiya da masu addu'a da ma'aikatan lafiya su lura da majinyata tare, mutum sama da 300. Waɗanda aka yi musu jinyar haɗin gwiwa sun fi sauran samun sauƙi.

Akwai wani abu kuma. Kada mu ɗora wa nas kayan da ya fi ƙarfinta. Nas-nas ɗinmu da yawa sun tafi Ingila da waɗansu ƙasashe neman abin rufin asiri, waɗanda suka rage kuwa gadaje sun yi musu yawa. Ba kowane dare ne za ta sami sararin jan kujera ta zauna ba. Saboda haka ikkilisiyarmu ta tsara masu ziyara. Zumuntar Mata suna kai koko da ruwan zafi, maza masu jin Hausa da Mosanci da Farafara suna yi wa tsofaffi tafinta a gaban likita. Ƙa'ida ɗaya muka sa: ba ka yi wa kowa addu'a a kan gadonsa sai shi ya roƙa, in kuwa ya ce malaminsa yake so, kai za ka je ka kira shi.

Dattijon nan da ya yi fushi, shi ne ya fara ba da sunansa, gama ya iya Mosanci fiye da kowa a cikinmu. Har yanzu bai yarda da ni ba, ya kuwa faɗa mini haka a fili ranar Lahadin da ta wuce. Ya ce zai kiyaye ƙa'idar saboda biyayya, amma ba wanda zai hana shi yi musu addu'a a zuciyarsa a cikin motar komawa gida. Na ce masa wannan kam ban da iko a kai. Ranar Talata ne zagayensa.