Wa Ya Fara Faɗa?



A watan Agusta 2014, bayan ɓullar cutar Ebola a Legas, wani saƙo ya ratsa Nijeriya cikin dare, har nan Maiduguri: wai wanda ya yi wanka da ruwan gishiri, ya kuma sha, zai tsira. Jama'a suka tashi tun asuba suna ɗora ruwa a wuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa aƙalla mutum 2 sun rasu a ƙasar saboda shan ruwan gishirin. Cutar kuwa ba ta ko iso Borno ba.

Me ya sa masu hankali suka yarda? Domin ba baƙo ne ya buga waya ba. Uwa ce, ko yaya, ko ɗan'uwa a ikkilisiya, ga kuma tsoro yana ingiza kowa. Amma ƙaunar mai kawo labari ba ta mai da labarin gaskiya. Shi ma ji ya yi.

Mu tuna da mutanen Biriya cikin Ayyukan Manzanni sura 17. Manzo Bulus da kansa ya yi musu wa'azi, duk da haka kowace rana suna auna maganarsa da Nassi, aka kuwa yabe su.

Iyaye, kafin ku miƙa saƙo gaba, ko na magani, ko na annabci, ko na riba mai sauri, ku tambaya a gaban 'ya'yanku: Wa ya fara faɗa? Ta yaya ya sani?

Ubangiji ya ba mu hikimar rarrabewa. Amin.